Kifin da Ya Tafi da Ƙugiya a Ciki: Nazarin Fatsar Maski da Ƙoto Mai Rai a Arewacin Wiskonsin

Daga ƙarshen watan Satumba, idan sanyi ya fara sauka a arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka, masu shagunan kayan fatsa a garuruwa irin su Hayward, Minocqua da Boulder Junction sukan cika tankunansu da wani kifi mai launin toka, wanda bakinsa ke kallon ƙasa. Da wannan bakin yake tsotsar abinci daga gindin ruwa, shi ya sa za mu kira shi matsotsi. Ba don miya ake sayensa ba. Ƙoto ne, wato abin da ake maƙala wa ƙugiya, kuma da ransa ake maƙala shi. Tsawonsa yakan kai inci 12 zuwa 18, kifin da a wani wurin shi kaɗai ya ishi mutum kalaci. Wanda ake ɗana wa shi kuwa shi ne maskilanj, da masunta ke taƙaitawa su ce maski.

Maski shi ne mafi girma a danginsa na dogayen kifaye masu farauta, kuma a Arewacin Amurka kaɗai ake samunsa: yankin Manyan Tabkuna, kogin Sen Lorens, saman kogin Misisifi da kwarin kogin Ohayo. Sunan ya samo asali ne daga harshen Ojibwe, mutanen da suka riga Turawa zama a wannan ƙasa. Jikinsa dogo ne, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa, cike da haƙora masu kaifi. Wanda ya taɓa ganin yadda tsage ke datse zaren fatsa zai gane abin da ake nufi. Wiskonsin ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha tun 1955. A watan Oktoban 1949 Louis Spray ya fito da wani mai nauyin laba 69 da oza 11, fiye da kilo 31, daga tabkin Chippewa Flowage kusa da Hayward, kodayake har yau ana jayayya a kan ingancin wannan awo.

Mai karatu daga Argungu ko Yawuri zai yi mamakin jin cewa mutum ya wuni cikin sanyi, ya kama kifi mai kilo 15, ya auna shi, sannan ya mayar da shi ruwa. Akwai dalili. Maski ba shi da yawa. A yawancin tabkunan jihar manyansa ba su kai ɗaya a kowace eka ba, sau da yawa sai an haɗa eka biyu ko uku kafin a samu guda. Girmansa kuma a hankali ne: kafin ya kai inci 40, wato kimanin santimita 102, yakan ci kusan shekara goma a ruwan arewa mai sanyi, kuma mafi girmansu mata ne, masu zuba ƙwai. Ga shi kuma naman babban maski na tara zaiba, har hukumomin jihar ke shawartar yara da matan da ke shekarun haihuwa da kada su ci shi. Saboda haka tun bayan da Gil Hamm ya kafa ƙungiyar masu fatsar maski ta Muskies Inc. a Minesota a 1966, al'adar kamawa a saki ta yi ta yaɗuwa, har ya zama kusan duk maskin da aka kama a yau ana mayar da shi.

Abin da wannan nazari ya tsaya a kai shi ne tambaya guda: kifin da aka saka ya kaɗa wutsiya ya nutse, shin ya rayu?

Tsohon ɗauri

Hanyar da kakanni suka bari mai sauƙi ce. Ƙugiya ɗaya ce ƙatuwa, lamba 10/0 ko abin da ya yi kusa da haka, a soka ta a leɓen matsotsi na sama, a haɗa da waya, a sake shi a bayan jirgi. Wannan shi za mu kira ɗaurin haɗiya, domin ba ya aiki sai kifin ya haɗiye.

Dalili yana cikin yadda maski ke cin abinci. Ba ya kama babban kifi ta kai. Daga gefe yake zuwa, ya cafke shi a tsakiya, a gicciye, kamar kare da ƙashi. Sai ya sauka ƙasa ya zauna da shi a baki, yana matsawa har ya daina motsi. Daga nan ne zai sassauta, ya juya shi, ya fara haɗiya ta kai, don fiffike da ɓawo su kwanta. Ƙugiyar da ke leɓen ƙoto tana waje da bakin maski duk tsawon wannan lokacin. Wanda ya fizga da wuri iska zai fizga. Don haka sai a jira: minti 20, minti 30, wani lokaci fiye, ana bin kifin da jirgi sannu a hankali. Idan aka tabbata ya haɗiye, sai a fizga, ƙugiya ta kafe a maƙogwaro ko a cikin tumbi.

A zamanin da aka ƙirƙiro wannan hanya babu laifi a cikinta, domin kifin na mutuwa ne ko ta yaya. Har tsakiyar shekarun 1960 doka ta yarda a harbe maski da ƙaramar bindiga a gefen jirgi kafin a ɗago shi. Matsalar ta taso ne da aka ɗauki ɗaurin da aka yi don kisa aka shigo da shi zamanin saki. Masunta suka riƙa yanke wayar a bakin kifin su sake shi, suna cewa ruwan ciki zai narkar da ƙarfen. Kuma idonsu ya ba su gaskiya: babu jini, kifin na da ƙarfi, yana barin hannu ya watsa musu ruwa a fuska ya tafi.

Abin da gwaji ya nuna

Terry Margenau, masanin kifi a Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Wiskonsin, ya gwada wannan magana, aka buga sakamakon a 2007. An zuba manyan maski masu tsawon fiye da inci 30 a tafkunan kiwo, aka kama su da ƙoto mai rai da ƙugiya ɗaya lamba 10/0, kamar dai yadda ake yi a tabki. Wanda ƙugiya ta kama a tumbi, aka yanke waya aka sake shi. Aka kuma ajiye wasu da ba a taɓa ba don kwatanci. Sai aka zuba ido har shekara guda.

A cikin awa 24 na farko ko ɗaya bai mutu ba. Wannan shi ne abin da masunta suka daɗe suna gani, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma cikin kwana 50 kashi 22 cikin ɗari sun mutu. Kafin shekara ta zagayo, kashi 83 cikin ɗari sun tafi. Da aka feɗe gawarwakin, an tarar ƙugiya ta yi wa tumbi da sauran kayan ciki mummunar ɓarna, ƙwayoyin cuta kuma sun bazu a jiki.

Mace-macen sun fi yawa daga hunturu zuwa lokacin da ƙanƙara ke narkewa, wato gab da zuba ƙwai, lokacin da jikin kifin ke cikin wahala dama. A wannan tsakanin har waɗanda ba a taɓa ba an rasa wasu, kuma dole a faɗi haka: tafkin kiwo ba tabki ba ne, zaman ciki ma na da nasa nauyin. Sai dai ko an yi wa alƙaluman rangwame yadda aka ga dama, abin da ya rage ya fi ƙarfin a kau da kai. Kifin da aka saka a Oktoba yana mutuwa ne a Maris ko Afrilu, ƙarƙashin ƙanƙara, inda babu mai ganinsa. Wanda ya sake shi yana gida yana nuna hoto, da zuciya ɗaya ya yarda ya yi abin kirki. Wannan ne ya sa kuskuren ya daɗe: tsakanin laifi da sakamakonsa akwai wata biyar da rufin ƙanƙara.

Ba wuya a gane yadda abin ke faruwa. Ƙugiya mai kaurin ƙusa ba ta narkewa cikin mako ɗaya ko biyu, balle a ruwan sanyi inda komai na jikin kifi ke tafiya a hankali. Fizgar farko ta riga ta huda tumbi. Kokawar da aka yi kafin a kawo shi jirgi ta faɗaɗa ramin. Duk abincin da ya haɗiya bayan nan yana tura ƙarfen yana juya shi kusa da hanta da hanji.

Shekaru kaɗan bayan fitowar sakamakon, Wiskonsin ta sa doka. Duk wanda zai yi fatsa da ƙaramin kifi mai tsawon inci 8 ko fiye a matsayin ƙoto, ko dai ya yi amfani da ɗaurin da ake fizga nan take, wanda za mu kira ɗaurin take-yanke, ko da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe wadda bakinta bai karkace gefe ba. Dokar ta bayyana ɗaurin farko da cewa ƙugiya ce mai baki uku, ɗaya ko fiye, da aka maƙala a jikin ƙoton bayan kai, kuma ta wajabta a yi ƙoƙarin fizga da zarar an ga alamar kifi ya ci. A 2012 kuma aka ɗaga mafi ƙarancin tsawon maskin da za a iya tafiya da shi gida zuwa inci 40 a yawancin ruwayen jihar, guda ɗaya a rana.

Ɗaurin take-yanke

Hikimar wannan ɗauri ita ce a kai ƙugiya inda bakin maski zai sauka, maimakon a jira bakin ya zo wurin ƙugiya. Tunda a tsakiya yake cafka, a tsakiya za a ɗana.

Kayan ba su da yawa. Ana bukatar waya mai sili bakwai ko mai sili 49, wadda ke ɗaukar laba 90 zuwa 135, tsawonta inci 18 zuwa ƙafa 3, da majuyi mai ƙarfi a samanta don kada zare ya murɗe. A jikin wayar akwai ɗan maƙalli da zai zauna a gaban hancin matsotsi, daga nan sai ragowar wayar ta wuce zuwa ƙugiya mai baki uku, lamba 3/0 zuwa 5/0 gwargwadon girman ƙoton. Sai ƙaramar robar ɗaurin kuɗi, da doguwar allura mai ɗan ƙugi a baki, irin ta saƙa. Sandar fatsa mai ƙarfi, ƙafa 8 zuwa 9. Kwarkwaro, wato abin naɗe zare, mai ƙararrawa, wanda ke ƙara idan ana jan zare. Zaren saƙi mai ɗaukar laba 80 zuwa 100. Darma mai nauyin oza 1 zuwa 3, da ɗan gora na roba ko na soso idan ana son ƙoton ya tsaya a wani zurfi.

A jiƙa hannu kafin a taɓa matsotsi, a riƙe shi da tsumma mai laima. Yana da ƙofofin hanci a gefe biyu na kai, tsakaninsu nama ne mai taushi. A zura allurar ta wannan ƙofa ta fito ta waccan, a jawo robar da ita, a haɗa bakunanta biyu a kan maƙallin. Idan robar ta yi sako-sako, a murɗa ta sau biyu ko uku har maƙallin ya zauna daf da hanci. Yanzu da hanci ake jan kifin, bakinsa a sake yake, yana numfashi yana iyo kamar ba a yi masa komai ba. Matsotsin da aka ɗaura haka yakan yi wuni guda da ransa.

Sai ƙugiyar jiki, wadda ita ce gaba ɗayan aikin. Wurinta gefen jiki ne, sama da tsakiya, dab da inda fiffiken baya ya fara ko ɗan gabansa. A kankare ɓawo biyu ko uku da bakin ƙugiyar, har fata ta bayyana. A soka baki ɗaya ƙarƙashin fatar kawai, ya shiga ya fito kamar ɗinkin tsiro, faɗin abin da ya kama bai wuce rabin santimita ba, bai taɓa tsoka ba. Sauran bakuna biyun su tsaya suna kallon waje. Wayar da ke tsakanin hanci da ƙugiya ta kwanta a jiki ba tare da ta lanƙwasa kifin ba, ba kuma ta yi lilo ba. Da yawa sukan danne kunnen wannan bakin da ke shiga fata da filaya, wato ɗan tsinin da ke hana ƙugiya fita, ko su lanƙwasa bakin gefe, don ya fita da sauƙi.

A lura da abin da ake nema a nan, domin nan ne sabon hannu ke ruɗewa. Ba so ake ƙugiyar ta riƙe ƙoton da ƙarfi ba. So ake ta riƙe shi iya yadda ba za ta faɗi ba idan yana iyo, amma ta tsage fatar ta fita da fizga ɗaya. Haƙoran maski sun nutse a jikin matsotsi, muƙamuƙinsa ya kulle. Babu ƙarfin hannun da zai ja ƙoton ya zame ta cikin waɗannan haƙora. Abin da zai yiwu shi ne roba ta tsinke, fata ta yage, waya da ƙugiya su rabu da ƙoton su zame su kaɗai su kafe a gefen baki. Duk ɗaurin an gina shi ne don ya wargaje a lokacin da ya dace.

Ƙoton da bai wuce inci 14 ba, ƙugiya ɗaya ta ishe shi. Wanda ya fi haka wasu na ƙara ta biyu a ɗaya gefen, ɗan baya kaɗan. A ganinmu a yi taka-tsantsan da ta biyun. Tana ƙara yiwuwar kamu, amma ita ce ke yawo a sake lokacin kokawa, ita ke samun ido ko jan naman da kifin ke numfashi da shi a ƙarƙashin murfin kunne, ita kuma ke sarƙewa a raga.

Lokaci da wuri

Wannan fatsa ta ruwan sanyi ce. Takan fara idan zafin saman ruwa ya sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Selsiyos, ta yi ƙarfi tsakanin 12 da 5, har ƙanƙara ta rufe tabki. A tsakiyar wannan lokaci ruwan sama kan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, tabkin ya gauraye ya yi duhu na 'yan kwanaki. Kifi ba ya ci sosai a waɗannan kwanakin. Idan ruwa ya washe, maski kan koma bakin gangaren da ke cikin ruwa, gefen ciyawar da ta rage kore, da kan duwatsu, yawanci a zurfin ƙafa 10 zuwa 25. A tabkuna masu zurfi inda ake da farin kifin nan sisko, wanda ke hawa kan duwatsu ya zuba ƙwai idan ruwa ya kusa digiri 4 ko 5, manyan maski na biye da shi.

Yadda aka saba shi ne a saki ƙoto biyu. Ɗaya a gefen jirgi kai tsaye ƙasa, da darma, ƙafa 2 ko 3 sama da gindin ruwa. Ɗaya a baya ƙarƙashin gora, tazarar ƙafa 20 zuwa 30. Mutumin da ke gaba yana jifa da ƙoton roba ko na katako, domin maski na da halin biyo ƙoton jifa har gindin jirgi ya ƙi ci, sai ya juya ya tarar da matsotsi na rataye. Tafiyar jirgi kada ta wuce kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Dokar jan ƙoto da inji da yawan sandunan da aka yarda ta bambanta daga gunduma zuwa gunduma, sai a duba ta wurin kafin a shiga ruwa.

Kada a saki ƙoto can nesa. Mita 30 a bayan jirgi na nufin minti biyu ko uku kafin a isa kan kifin, kuma waɗannan mintuna su ne ake ƙoƙarin kaucewa.

Rabin minti

Kafin maski ya ci, matsotsi ne ke fara ba da labari. Kan sanda da ke kaɗawa a hankali sai ya fara rawa da sauri, gora ya riƙa nutsewa yana tasowa, wani lokaci ƙoton ya taso har saman ruwa yana neman gindin jirgi ya ɓuya. Sai ƙararrawa ta ɗauka, ko gora ya nutse ya ƙi dawowa.

A cire sanda daga mariƙinta, a kashe ƙararrawa, a bar zare ya tafi ƙarƙashin babban yatsa. Na kan inji ya juya jirgi zuwa kifin, mai sanda yana naɗe abin da ya yi sako-sako ba tare da ya ja ba. Ana son zare ya sauka kusan a miƙe, ko da ɗan karkata kaɗan. Sannan a duba inda kifin ya dosa. Idan yana tafiya gaba, ya ba jirgi baya, lokaci ya yi: fizga za ta ja ƙugiya zuwa kusurwar baki. Idan yana fuskantar jirgi, fizga za ta zare komai ta ƙofar baki a tashi a tutar babu. Idan ya tsaya cik, a ɗan ɗaga sanda ya ji nauyi kaɗan. Kusan kullum zai juya ya ja gaba, domin yana zaton wani ne ke son ƙwace masa abinci.

Sai a kulle kwarkwaro, a naɗe har kan sanda ya kusa taɓa ruwa kuma an ji nauyin kifin, a danne zaren da babban yatsa, a fizga sama da dukkan jiki, sau ɗaya, da ƙarfin da zai tsinka roba ya yaga fata. Daga ƙarar farko zuwa wannan fizga, daƙiƙa 30 ne, a yi tsanani minti ɗaya.

Nan ne doka ke da iyaka. Jami'i na iya duba ɗaurin da ke kan sanda, amma ba ya cikin jirgi lokacin da ƙararrawa ta yi ƙara. Mutumin da ya saba da tsohuwar hanya, ko wanda kifi ya kuɓuce masa sau biyu a jere, zuciyarsa za ta ce masa ya ƙara minti biyar don ya tabbata. A cikin minti biyar maski ya juya ƙoto ya fara haɗiya, kuma abin da ke gangarawa yanzu ba ƙugiya ɗaya ba ce, bakuna uku ne ko shida. Ɗaurin take-yanke da aka yi wa jira ya fi ɗaurin haɗiya muni. Idan minti ya cika kifin bai ba da kusurwa mai kyau ba, a fizga a haka. Idan ya kuɓuce, ya tafi da ƙoton da lafiyarsa.

Inda ake rasa kifi

Mafi yawan kuɓucewa daga ƙugiyar da aka nutsa cikin tsoka ne. An fizga, sanda ta lanƙwashe, an yi ja-in-ja na daƙiƙa goma, sai nauyi ya ɓace. A jawo a ga matsotsi da sawun haƙora a gefe biyu, ƙugiya na nan daram inda aka soka ta. Maski bai taɓa kamuwa ba, riƙe ƙoton kawai yake, da ya gaji ya buɗe baki. Roba mai kauri ko wadda aka ninka sau da yawa ma haka take yi, ta ƙi tsinkewa ta shanye fizgar.

Akasin haka ma na faruwa. Idan fatar da aka kama ta yi siriri ainun, ƙugiya kan faɗi tun ƙoto na iyo, ta riƙa reto a ƙarƙashinsa tana kwasar ciyawa. A riƙa ɗago ƙoto kowane minti 15 ko 20 a duba, musamman bayan an ratsa ciyawa.

Sai birkin kwarkwaro. Idan a sake yake, fizga za ta zare zare ne kawai. A ɗaure shi tamau kafin fizga, a sassauta bayan an tabbata kifi ya kamu. Ƙugiya kuma a wasa ta da zarto ko sabuwa ce. Bakin da bai kama farce ba idan an goga shi, ba zai huda ƙashin bakin maski ba. A ranar da iska ta sauka ƙasa da sifiri, zaren saƙi na shan ruwa ya daskare a kan kwarkwaro, zobban sanda su toshe da ƙanƙara, kifi ya ja ya ji turjiya ya saki. Don haka wasu ke komawa zaren roba mai kauri a ƙarshen kaka, su kuma zaɓi sandar da ke da manyan zobba.

Ƙaramin ƙoto na da nasa haɗarin. Matsotsi mai inci 9 ko 10 babban maski na iya zuƙe shi gaba ɗaya tun cafkar farko, babu juyi babu jira. Da irin wannan ƙoto ko daƙiƙa goma ba a bayarwa.

Game da ƙugiyar zobe da doka ta yarda da ita, aikinta dabam ne. Ba a fizga ta. Ana barin kifi ya shigar da ƙoto, sannan a naɗe a hankali, ta zamo daga maƙogwaro ta kafe a kusurwar baki. Idan ta yi yadda aka tsara, lafiya lau. Amma tana bukatar a jira, kuma jiran nan shi ne tushen matsalar tun farko. Wanda ya manta ya fizga, ko wanda ƙugiyarsa ta ɗan karkace, ya koma gidan jiya.

Ƙoton kansa na bukatar kulawa. Ruwa mai sanyi, da na'urar hura iska, ba cunkoso. Kada a ɗauko shi daga ruwa mai ɗumi a jefa cikin tabki mai digiri 6 kai tsaye. A riƙa ƙara ruwan tabkin kaɗan-kaɗan na minti 15. Sai dai a san cewa tun bayan ɓullar cutar kifi mai sa zubar jini a jihar a 2007, ƙoton da aka zuba wa ruwan wani tabki ba a kai shi wani tabkin, kuma ba a juye ragowarsa a ruwa.

A gefen jirgi

Kifin da ƙugiya ta kama a baki ma ana iya kashe shi da hannu. Kafin a saki ƙoton farko, kayan saki su kasance a fili: ƙatuwar homa mai zurfi wadda zarenta ba shi da ƙulli kuma an lulluɓe shi da roba, doguwar filaya, almakashin ƙarfe mai iya datse ƙugiya 5/0 da hannu ɗaya, abin buɗe baki, da allon awo.

A gajarta kokawa, kayan masu ƙarfi ne don haka. A shigar da shi homa ta kai, a bar homar a cikin ruwa a jingine da jirgi, kansa a nutse. A nan ake duk aikin. Ƙugiyar da ba ta fita da murɗa ɗaya ba, a datse bakunanta a zaro guntayen. Idan za a ɗaga shi, a jiƙa allo da hannu don kada yauƙin jikinsa ya goge, hannu ɗaya a ƙarƙashin murfin kunne ba tare da taɓa jan naman ba, ɗaya a ƙarƙashin ciki, a kwance. Rataye kifi mai kilo 12 ta muƙamuƙi yana ja masa gaɓoɓin wuya da kayan ciki. Daƙiƙa 20 zuwa 30 a waje sun isa awo da hoto. Idan iska ta kai ta daskarar da ruwa a jikin sanda, za ta yi wa idonsa da wurin numfashinsa haka, sai a auna shi a cikin ruwa. Wajen saki a riƙe shi ta gindin wutsiya, cikinsa ƙasa, ba tare da tura shi gaba da baya ba, har ya ƙwace da kansa.

Wani lokaci duk da an yi komai daidai, a buɗe baki a tarar ƙugiya ta wuce can ciki. Kada a ja waya don a gani. A sa abin buɗe baki, a bi ta baki ko a hankali ta ƙarƙashin murfin kunne da almakashi, a datse duk bakin da ake iya kaiwa, a fitar da abin da zai fita ba tare da yaga ba. Idan ƙugiya ta shige tumbi ba a ganinta, ko jini na bulbulowa da kowane numfashi, kifin da ya kai tsawon da doka ta yarda gara a tafi da shi gida a lissafa shi a matsayin na ranar, da a sake shi ya je ya mutu a ƙarƙashin ƙanƙara. Wanda bai kai ba, doka ta ce a mayar da shi ko yaya yake. A yanke wayar kusa da ƙugiya iya yadda almakashi zai kai, a sake shi, sannan a ɗaura ƙoto na gaba a matso da shi kusa da jirgi.